Kwanuka Uku na Maƙwabciyar Rukayya

Tun da na dawo daga Ingila matan makarantarmu ta Islamiyya ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce in ba ta labarin ƙanƙara, waccan ta ce wai da gaske ne ba a ganin rana. Ina ba su amsa, amma na lura duk ranar da na ba da labarin da baki sai in tsallake wurin da laifina yake. Shi ya sa na sayi littafin rubutu. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, amma hannuna bai manta ba, kuma takarda ba ta katse mutum.

Autata Rukayya ce a can, a garin Manchester, mijinta Malam Nasiru yana karatun digiri na uku a jami'ar Salford. Cikin fari ne, don haka aka nema mini biza in je in yi mata jego. Na tashi a ƙarshen watan goma. A jirgi na duba fasfona ya fi sau ashirin, na kuma dami wani bawan Allah da ke kusa da ni da tambayar ko azahar ta yi, har ya rufe ido ya yi kamar barci.

Wahalar farko a wurin kwastan na same ta. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata. Matar da ke riƙe da shi ta yi mini murmushi, ta buɗe jakar, ta kwashe kilishi da man shanu. Da ta zo kan kanwa ta daɗe tana juya ta, ta kira wani, shi ma ya juya, suka haɗa da ita. Ban ji haushin kilishin ba kamar kanwar, don ban san yadda ake jego babu kunun kanwa ba. Jakar kuwa sai da na goge ta sau bakwai, ko da yake malaminmu ya taɓa cewa ba dole ba ne.

Malam Nasiru ne ya tare ni, idonsa ja. A mota ya gaya mini abin da suka ɓoye a waya: kwana uku ke nan jinin Rukayya ya hau, motar asibiti ta ɗauke ta, aka yi mata aiki. An sami mace, tana cikin kwalba. Likitoci sun ce kada a gaya wa uwar abin da zai tayar mata da hankali. Wannan magana na riƙe ta da hannu biyu, kuma za ku ga inda ta kai ni.

A asibitin na fara ganin abincinsu. An kawo wa Rukayya tire, a gefe akwai wani jan abu a ƙaramar roba, garau kamar gilashi, in an taɓa tiren sai ya yi ta rawa shi kaɗai. Malam Nasiru ya ɗauke ya ajiye can. Ya ce, "Umma, duk inda kika ga irin wannan mai rawar kada ki ci. Da ƙashi da fatar dabba ake daskarar da shi, galibi na alade." Na kalli abin nan na haddace kamanninsa.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Moss Side. Gidaje ne na jan bulo a jere, manne da juna, duk fuska ɗaya, ba zaure ba soro, ƙofa tana buɗewa kai tsaye kan titi. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcinka, kana jin tarinsa, amma sai ku shekara ba ka san sunansa ba. Kafin a idar da la'asar duhu ya fara. A ƙarshen layin akwai wani gini a rufe da katako a tagoginsa, Malam Nasiru ya ce da can nan tsofaffin unguwa suke taruwa su sha shayi da rana, gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe. Shi da asuba yake fita, daga makaranta ya wuce asibiti, da yamma ya zo ya kai ni in gan su. Sauran yinin ni kaɗai ce a gidan.

Safiyar farko, da hantsi, ina wanke kofi sai na ji an buga bango sau uku. Ba ƙofa ba, bango. Bugu uku a natse, sannan shiru, kamar mai jiran amsa. Na tsaya da kofin a hannu har ruwan ya huce. Washegari a daidai wannan lokaci aka sake. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu tun kafin lokacin ya yi.

Ranar Litinin na buɗe ƙofa zan zubar da shara, na ga kwano a kan dokin ƙofa. Farin kwanon tangaran ne mai shuɗin baki, an rufe shi da farar takarda, an yi rubutu a kai da biro. Na ɗaga takardar da tsinke. Jan abu ne garau, da na zunguri kwanon ya yi rawa. Rubutun kalma ɗaya ce, na karanta harafi-harafi: geleia. Ba Hausa ba ce, kuma bai yi mini kama da ɗan Turancin da na sani ba.

Da na ɗaga kai sai na ga tagar gidan da ke manne da namu. An jera kwanuka a bakinta daga wannan gefe zuwa wancan, kowanne da farar takarda a kai. A bayansu wata tsohuwar Baturiya tana tsaye, baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har ƙasa, tana kallona. Ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga yatsu uku, ta nuna bango. Na suri kwanon na shige na sa sakata.

Ku da kuke karantawa kun san abin da ke zuwa zuciyar mutum a garinmu in ya wayi gari ya ga abu a bakin ƙofa da rubutu a kai, a gidan da aka yi sabuwar haihuwa. Amma kuma na ce da kaina, in abinci ne fa? Nan na maƙale. Ba zan ci ba, don ya yi kama da abin da aka hane ni. Ba zan zubar ba, don in abinci ne na ɗauki alhaki. Ba zan mayar mata da shi yadda ya zo ba, don a wurinmu babu cin fuskar da ta kai a dawo wa mutum da abincinsa ba a taɓa ba. Kuma ko da na juye, uwata ba ta koya mini mayar da kwanon maƙwabta wayam ba, ni kuwa ban san me ake zuba wa irin wannan mata ba. Sai na kai shi wani lungu a ƙarƙashin matakala, inda suke ajiye tsintsiya, na rufe. Ban gaya wa Malam Nasiru ba. Mutumin da matarsa da ’yarsa suke kwance, ga kunyar suruki, da wane baki zan ce masa ina tsoron kwano?

Ranar Alhamis wani ya zo. Wannan ba ya rawa, ya daskare tamau, launinsa kamar hanta. An rubuta marmelada. Shi ma na kai shi lungun. A ranar ne kuma na lura da wani mukulli a bayan ƙofar kicin, rataye a ƙusa da jan zare. Na gwada shi a duk ƙofofin gidan, bai buɗe ko ɗaya ba. Na mayar na wanke hannu.

A asibiti Rukayya ta taɓa tambayata, muryarta ƙasa-ƙasa saboda magani, ko tsohuwar maƙwabta tana lafiya. Na ce kullum ina ganinta a taga, kuma gaskiya na faɗa. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na yi sauri na kawo zancen sunan jaririya. Ni a tunanina kare ta nake yi.

Kwano na uku ranar Lahadi ya zo. Abin da ke ciki kaɗan ne, amma rubutun ya yi layi huɗu, haruffan suna karkacewa kamar an rubuta a cikin mota. Ranar Litinin aka buga bango kamar kullum. Ranar Talata ba a buga ba. Na jira har rana ta ɗaga, shiru. Na shimfiɗa darduma na yi nafila raka'a biyu ta godiya. Wajen azahar ina kicin na ji wani ɗan ƙaraf-ƙaraf daga can ƙasan bango, kusa da daɓe, ya yi ya daina, ya yi ya daina. Na ce ko ɓera ne ko kuma abin da ya fi ɓera. Na kunna karatun Alƙur'ani a wayata na ƙure murya.

Laraba na tafi Birmingham. An ce an kusa sallamar Rukayya, ni kuma ba ni da kanwa, ga ’yar ƙanwar mahaifiyata, Ladi, tana can tana aikin jinya, ba ta daɗe da dawowa daga gida ba da kanwa ungurnu mai kyau da gero. Malam Nasiru ya sa ni a doguwar bas. Na cire takardun nan uku na ninke su a jakar carbina, da niyyar in Ladi ta san wani malami in nuna masa.

Tafiyar ta fi awa biyu, ban ji an yi wa kowa sannu ba. Ba mai tallan ƙwai a taga, ba a tsayawa salla, ba ɗan kamasho. Kowa ya toshe kunnensa da waya. Ban sha ruwa ba don tsoron banɗakin motar. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini alewa mai laushi, na girgiza kai da ƙarfi har na ji kunya daga baya.

Unguwar su Ladi, Balsall Heath, ta ɗan saki raina. Ga masallaci, ga mata da hijabi, ga ƙamshin kayan yaji kamar an bi ta layin ’yan citta a kasuwar Kurmi. Ta yi mini tuwon semo da miyar kuka, na ci har na ji gumi. Sai da muka wanke hannu na fito da takardun na ba ta labari. Ladi ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Yaya, ke har Ingila sai da kika samo mai yi miki asiri?" Ta duba rubutun ta ce wannan yaren Fotugal ne, akwai su da yawa a wurin aikinta, tun da ƙasarsu ta shiga matsi suke ta zuwa. Ta ce ba malami za mu je ba, kanti za mu je.

Mai kantin sunanta Mariyama, Bafulatana ce ta ƙasar Gini Bisau, ta yi shekaru a Fotugal kafin ta zo nan. Muka gaisa da sallama, sauran maganar Ladi ce take fassarawa. Ta karanta takarda ta farko da ta biyu, ta zagaya bayan kanta ta ɗauko abubuwa ta jera a gabana kamar mai koyar da ’yan aji ɗaya. Ta ɗaga wani ɗan kwali mai gari a ciki, ta ce wannan shi ne gelatina, shi ne mai rawar nan na asibiti, kuma surukina ya yi gaskiya, ita ma ba ta ci sai wanda ta san asalinsa. Ta ture shi gefe. Sannan ta ɗauko wani ɗan itace rawaya, ya fi gwaba girma, da tauri kamar dutse, ta ce sunansa marmelo, ba ya ciwuwa ɗanye, kuma yanzu ne kakarsa. In an dafa tsokarsa da sukari ana tuƙawa har ya kama jikinsa, a zuba a kwano ya bushe a yanka da wuƙa, shi ne marmelada. Ɓawon da ’ya’yan cikin kuma ba a zubarwa, a tafasa su a tace, a mayar da ruwan wuta da sukari, shi da kansa yake daskarewa ba a sa masa komai, shi ne geleia. In kuma an bar gutsattsarin ɗan itacen a ciki, sai a ce compota. Kwanukan taga kuwa shanya ce, haka tsofaffinsu suke yi, ko da ranar Ingila ba ta da ƙarfin busar da komai.

Na tambaya ko babu wani abin da ya haramta a ciki ko kaɗan. Ta ce abu ɗaya ne: wasu tsofaffin sukan jiƙa takardar rufin da giya don kada ya yi fumfuna. Ta kai takardun hancinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu. Ta ce wannan mata ta san gidan da take bai wa.

Sai ta buɗe ta ukun. Ta karanta, ta sake karantawa, ta daina murmushi. Ladi ta fassara mini a hankali: "Rukayya, kwana da kwanaki ba ki amsa bango ba. Ke da abin cikinki lafiya? Ƙafata ba ta ɗaukata sosai yanzu. Mukullin yana wurinki."

A nan cikin kantin Ladi ta kira Rukayya ta ba ni wayar. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ce tsohuwar sunanta Ameliya, mijinta ya rasu shi ya sa take sa baƙi, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa. Da can ƙaramar hukuma tana turo mata mai kula da ita kullum, aka rage ya koma ranar Juma'a kaɗai. Shi ne suka yi shiri su biyu: kowace safiya tsohuwar ta buga bango sau uku, Rukayya ta amsa sau uku. In ta aiko kwano, Rukayya ta mayar da ɗan abin da ta dafa, ta gan ta ido da ido. Ranar da ba a buga ba, a ɗauki mukullin a shiga. Ta ce ta gaya wa Malam Nasiru ranar da aka ɗauke ta, amma ba ta jin ya ji, a yadda yake a ranar.

"Umma, yaushe kika ji bugun ƙarshe?"

Na ce Litinin.

"Yau Laraba, Umma."

Ban tsaya ɗaukar gero ba, kanwar ma Ladi ce ta cusa mini a jaka a tasha. Rukayya ta kira mijinta ya baro makaranta. Ni kuwa ina cikin bas, ba abin da zan iya sai carbi. Abin da ya yi ta dawo mini ba bugun ba ne, ƙaraf-ƙaraf ɗin nan ne na ranar Talata, da yadda na sa yatsa na ƙara muryar waya. Na yi ta lissafin kwana nawa tsoho zai yi ba ruwa a cikin wannan sanyi.

Mun yi kamar rabin hanya wayata ta yi ƙara. Malam Nasiru ya ce ya sami tsohuwar a ƙasan kicin ɗinta, ƙugunta ya karye, tun yammacin Litinin take nan. Tana da rai. Ta jawo mayafin tebur, kwano ɗaya ya faɗo kusa da ita, shi take lasa. A hannunta akwai cokalin ƙarfe, kuma fentin bangon da ke tsakaninmu ya kankare a daidai inda hannunta yake kaiwa. Na ce Alhamdu lillahi, na rufe fuskata da mayafi har Manchester.

Washegari na fito da kwanukan daga lungu. Na yi bisimilla na ɗebi geleia da cokali. Zaƙi ne da ɗan tsami da ƙamshi kamar na fure, ban taɓa cin irinsa ba. Na juye sauran a roba na ajiye wa mai jego, na wanke kwanukan, na dama kunun gyaɗa na cika ɗaya, na soya ƙosai na zuba a biyu.

Ameliya asibiti ɗaya suke da Rukayya, hawa daban. Ba tare da baƙin ɗankwalin ba ta zama ’yar mitsitsiya, gashinta fari kamar auduga. Na ajiye kwanukan a gabanta. Na ce wa Malam Nasiru ya gaya mata ni ce na ji bugunta kwana da kwanaki ban amsa ba, ni ce na ɓoye kwanukan, ta yafe mini. Ya rubuta a waya, wayar ta faɗa da yarenta. Ta daɗe tana kallona irin kallon nan na taga. Sannan ta nuna jan abin da ke kan tiren asibiti, ta yamutsa fuska ta ce, "Gelatina." Ta ture shi, ta jawo kwanon kunu. Ta sha cokali huɗu, na ƙirga. Ban sani ba ko yafiya ce, ban kuma sake tambaya ba.

An sallami Rukayya da jaririya, aka yi suna a falo da mutum goma sha, na yi jegona yadda ya samu, da ruwan famfo mai zafi a bahon wanka maimakon tukunya da ganye. Amma Ameliya ba ta dawo gidanta ba. Likitoci sun ce daɗewar da ta yi a ƙasa ta taɓa mata ƙoda, ba za ta iya zama ita kaɗai ba, aka kai ta gidan kula da tsofaffi a wani gari. Rukayya ta ce ba laifina ba ne, ba ni na kayar da ita ba. Na sani. Amma da ranar Talata na ɗauki mukullin nan, kwana ɗaya za ta yi a ƙasa ba biyu ba, kuma ba wanda ya iya gaya mini abin da kwana ɗayan nan ya ci. Bayan mako uku wasu maza suka zo da mota suka kwashe kayan gidan. Ina kallo suka zuba kwanukan taga a baƙar leda, da abin da ke cikinsu.

Ranar da zan taho, da hantsi, jakunkunana suna bakin ƙofa, na shiga kicin in sha ruwa. Aka buga bango sau uku. Rukayya tana tsaye da jaririya a kafaɗa, ita ma ta ji. Ta ce bututun hita ne, haka yake yi in ruwan zafi ya taso, gidan can ba kowa, ita da kanta ta mayar da mukulli. Na ce to. Na ajiye kofin, na je na dunƙule hannu na buga sau uku, sannan na fita na shiga mota.